Kwana 30 da Na Ɗora wa Wanda Bai Yi Laifi Ba

Tun ina ƙarami manya ba sa son in zauna kusa da su, saboda bakina ba ya rabuwa da tambaya. Ina ɗan shekara tara na kwance rediyon mahaifina don in ga inda masu maganar suke zama a ciki, na kuma kasa mayar da shi. Bai dake ni ba. Ya dai zaunar da ni, ya sa na jera kowane sukuru bisa tsayinsa, ya ce mai kwance abu ya fara sanin inda zai ajiye abin da ya cire. Wanda ya kashe mini baki wani malami ne a aji biyar. Na ɗaga hannu na tambayi abin da ya riga ya faɗa ban gane ba, sai ya ce wa 'yan aji su tafa wa sarkin tambayar banza. Suka tafa. Daga ranar har na gama sakandare ban ƙara ɗaga hannu a aji ba. Na kawo wannan ne don ku san irin mutumin da daga baya ya yi wa ɗan wani abin da ya fi wannan muni, yana ganin gyara yake yi.

Na girma na zama mai gyaran kwamfuta, kuma a cikin neman maganin wata matsalar da ta gagare ni na faɗa wani dandalin tambaya da amsa na masu wannan harka. Ba zan ambaci sunansa ba. Tsarinsa kwaikwayo ne na Stack Overflow, wani babban dandalin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja, wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe a 2008: mutum ya yi tambaya, wasu su amsa, masu karatu su kaɗa ƙuri'ar yabo ko ta kushe, amsar da ta fi samun yabo ta hau sama. Ƙuri'ar yabo tana ƙara wa mai amsa maki, makin kuma shi ke buɗe ƙofofi. A Stack Overflow an daɗe ana tafiya a kan cewa sai da maki 15 za ka iya kai ƙorafi kan rubutu, da 50 ka yi tsokaci a ƙarƙashin rubutun wani, da 2,000 ka gyara rubutun wani ba tare da an duba maka ba, da 3,000 ka sa hannu a rufe tambaya. Namu dandalin ƙarami ne, don haka an sassauta alkaluman, amma matakan iri ɗaya ne. Abin da ya kama zuciyata shi ne na sami wurin da tambaya ba abin kunya ba ce. Na yi shekaru ina amsawa da daddare bayan na tashi daga aiki.

A 2020, da annobar korona ta rufe ko'ina, wurin aikina ya rage ma'aikata, ina cikin waɗanda aka sallama. Ga mata, ga yara biyu, ga zaman gida. A daidai wannan lokacin aka buɗe zaɓen masu kula da dandalin, waɗanda jama'a suka fi sani da admin. Na tsaya, na amsa tambayoyin da aka jera wa 'yan takara, aka zaɓe ni. Na sa hannu a yarjejeniyar cewa duk bayanin sirri da zan gani na mutane, kamar adireshin imel da lambar IP, wato lambar da ke nuna hanyar intanet ɗin da mutum ya shigo ta ciki, ba zan fitar da shi ba, ba zan kuma yi amfani da shi don wata buƙata tawa ba. Babu albashi, babu ko sisi. Amma ranar da na ga alamar mai kula ta fito kusa da sunana, sai na ji kamar an mayar mini da wani abu da takardar sallama ta ƙwace. Yanzu na san cewa tun daga nan ƙafata ta fara zamewa, domin na shiga aikin ne da yunwar a ce ina da amfani.

Bari in faɗi yadda aikin yake, don yawancin mutane suna ɗauka goge zagi ne kawai. Duk ƙorafin da wani ya kai yana shiga layi ɗaya, ka buɗe ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mafi sauƙi shi ne tallan banza. Alamunsa ba sa ɓuya: sabon akawun da aka buɗe yau, ya je ya tono tambayar da ta shekara huɗu, ya rubuta jimloli uku na gama-gari, a ƙarshe ya liƙa mahaɗin wani shafin sayar da manhaja. Wannan a goge rubutun, a rushe akawun ɗin, a sa shafin cikin jerin waɗanda aka toshe. Daƙiƙa talatin an gama.

Maimaicin tambaya ya fi wuya, kuma nan sababbin masu kula suke yawan ɓarna. Ba kamannin kanun tambaya ake dubawa ba. Mutum biyu za su iya rubuta cewa kwamfutarsu ta ƙi tashi, ɗaya ko fitila ba ta kawo masa, ɗaya kuma fankar tana juyawa amma allon baƙi. Na farko matsalarsa tana wajen wuta ne, caja ko batir ko hanyar da wutar ke bi a kan allon uwa, wato babban allon da sassan kwamfuta ke haɗuwa a kai. Na biyu a fara duba RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, da allon nuni. Idan ka rufe ta biyu ka tura mai ita zuwa ta farko, ka aika shi neman magani a inda babu. Ma'aunin shi ne: amsoshin da ke ƙarƙashin tsohuwar tambayar, za su warware wa wannan sabon mutumin matsalarsa? In ba za su warware ba, a bar ta a buɗe.

Sai kuma bayanin sirri. Mutane suna ɗora hoton allonsu da kalmar sirri a fili, ko lambar waya, ko mabuɗin lasisin manhaja. Gyara rubutun ka cire abin bai wadatar ba, domin dandali irin wannan yana ajiye tarihin kowane gyara, kowa kuma zai iya buɗe tarihin ya ga abin da aka cire. Sai an share shi daga tarihin ma, wanda mu sai mai kula na biyu ya amince ake yi. Bayan haka ka aika wa mutumin saƙo cewa ya canza kalmar sirrin nan take, don mai yiwuwa an riga an gani ko injin bincike ya kwafa.

Abin da na daɗe ban haɗiye ba shi ne, amsa marar daidai ba aikin mai kula ba ne ya goge ta. Ƙuri'ar kushe da tsokacin masana su ke maganinta, kuma barinta a ƙasa da ƙuri'un kushe yana koya wa mai karatu abin da bai kamata ya yi ba. Inda muke sa hannu shi ne idan amsar tana iya raunata mutum. Na taɓa tarar da wanda ya ba da shawarar a huda batirin da ya kumbura da allura don iskar ta fita. Batirin litiyom idan aka huda shi yana iya kamawa da wuta a hannun mutum. Wani kuma ya ce a buɗe akwatin wutar kwamfutar tebur a taɓa ciki da zarar an zare fulogi, alhali manyan kafasito, wato sassan da ke tara wuta a ciki, suna riƙe caji bayan an cire wuta. Irin waɗannan ba a jiran ƙuri'a.

Atwood ya taɓa rubuta bayani a 2009 kan yadda yake ganin aikin mai kula, kuma abin da na riƙe daga ciki shi ne jama'ar dandali su ke tafiyar da shi, mai kula yana shiga ne kawai inda tsarin ya gaza. Na karanta, na gyaɗa kai, na yi akasinsa. Mu huɗu ne, amma sauran ukun suna da ayyukansu, ni kuwa ba ni da komai sai lokaci. Na mayar da layin ƙorafi bashi a wuyana. In ban ga sifili ba barci ba ya zuwa. Ina farkawa ƙarfe uku na dare in laluba wayar a ƙarƙashin matashi in duba. Aikin kuwa kamar cin ƙwan makauniya ne, kana sharewa ana zubawa, saboda lokacin da wani yanki na duniya ke kwanciya wani ke tashi. Takardun neman aiki da na ce zan aika suka yi wata uku a buɗe ban cike ba. Wata rana 'yata ta kawo mini littafinta, ta tsaya a gefena har ta gaji, ta ce, "Baba, in ka gama da mutanen cikin kwamfuta ka duba mini." Na ce to, ban ɗago ba. Matata ta yi magana sau ɗaya, sau biyu, na uku ta ce, "Abban yara, mutanen nan ko sunanka na gaskiya ba su sani ba." Na ji zafin maganar har na kwana ban ce mata uffan ba.

Gajiya tana canza yadda kake karanta mutane. Da farko idan na ga tambaya a hargitse ina zama in gyara mata tsari, in tambayi mai ita samfurin na'urarsa da abin da ya riga ya gwada. Bayan shekara guda sai na koma rufewa kawai da saƙon da aka riga aka tsara. Kowane sabon shiga ya zama mini abin zargi.

A cikin wannan hali ne ƙorafi ya shigo cewa akwai wani matashi da makinsa ke hawa da sauri fiye da kima. Maguɗin ƙuri'a babban laifi ne a irin wannan wuri: mutum ya buɗe akawun na bogi yana yaba wa kansa. Na buɗe kayan binciken. Akawun biyu, lambar IP ɗaya. Na biyun ya kaɗa wa na farkon ƙuri'a sau da yawa. Sukan shigo kusan lokaci ɗaya da yamma. Na ce shi ke nan, an kama ɓarawo da kaya a hannu. Ƙa'idarmu a rubuce take: gargaɗi tukuna, sannan dakatarwar kwana 7, sannan 30, sannan shekara guda, kuma duk hukuncin maguɗi sai mai kula na biyu ya duba. Ƙarfe biyu da rabi na dare ne, babu kowa a ɗakin tattaunawarmu. Na tsallake gargaɗi, na tsallake kwana 7, na ba shi 30, na rushe akawun na biyu, na soke ƙuri'un. Saƙon da na aika masa layi biyu ne, ciki har da kalmar yaudara.

Abin kunyar shi ne ni mai gyaran kwamfuta ne, na san abin da lambar IP take nufi da abin da ba ta nufi. Tsohon tsarin raba waɗannan lambobin, wato IPv4, lambobi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, kuma babban rumbun da ake rabawa daga ciki ya ƙare tun Fabrairun 2011. Shi ya sa kamfanonin waya da yawa suke tara ɗimbin masu amfani a bayan lamba ɗaya. Duk mutanen gida ɗaya da ke kan rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba musu intanet, lambarsu ɗaya ce a idon dandali. Haka makaranta, haka ofis. Lamba ɗaya dalili ne na a ƙara dubawa, ba hujja ba ce. Abubuwan da ya kamata in duba suna nan a gabana: shin akawun na biyu yana da rayuwarsa, yana tambaya, yana yaba wa wasu? Kashi nawa na ƙuri'unsa ne ya tafi ga mutum ɗaya? Salon rubutunsu ɗaya ne? An taɓa ganin su biyun suna aiki a daidai minti ɗaya daga na'urori daban? Ban duba ko ɗaya ba. Na ga abin da nake son gani na rufe.

Kwana biyu bayan haka amsarsa ta zo. Bai zage ni ba, da ma ya zaga da na sami abin riƙewa. Ya ce, "Malam, akawun ɗin da ka goge na ƙanwata ne. Ni nake koya mata gyara. Tana karanta amsoshina ne don ta koya, in ta gane sai ta danna yabo. Ban san laifi ba ne. Tambayoyinta guda goma sha ɗaya da amsoshin da aka ba ta, a nan take bitar karatunta. Don Allah ko ni ba za a mayar da ni ba, a mayar mata da nata."

Na koma na buɗe abin da na rushe. Tambayoyin suna nan, na mai koyo, da kuskuren rubutu irin nata daban da nasa. Ɗaya tana tambayar yadda ake gane ƙafar da ta fi tsawo a jikin ƙaramar fitilar LED ita ce ta wane ɓangare. Jikina ya yi sanyi. Na tuna tafin 'yan aji biyar, sai dai wannan karon ni ne a tsaye gaban allo.

A ƙa'ida abin da suka yi yana buƙatar magana, don yawan yabo daga mutum ɗaya zuwa mutum ɗaya yana karkatar da ma'auni ko da niyya mai kyau ce. Amma maganinsa saƙo ne mai laushi da soke ƙuri'un da suka yi yawa, ba abin da na yi ba. Na kwashe kwana guda ina neman yadda zan gyara a ɓoye. Ba ya yiwuwa, duk abin da mai kula ya taɓa yana shiga rajista, kuma dawo da akawun da aka rushe ya fi ƙarfin ikonmu, sai masu dandalin. Dole na rubuta wa sauran ukun abin da na yi dalla-dalla. Babbanmu, wani dattijo da ya girme ni nesa, bai yi mini faɗa ba. Ya tambaye ni ƙarfe nawa na yanke hukuncin. Da na faɗa masa sai ya ce, "Ƙanena, rabonka da hutun kwana ɗaya cur yaushe ne?" Na kasa tunawa.

An ɗage dakatarwar a ranar. Akawun ɗin yarinyar ya ɗauki kusan mako biyu kafin a haɗa mata shi da tambayoyinta. Na rubuta musu ban haƙuri da hannuna, ba da saƙon da aka tsara ba, na faɗi abin da na yi ba daidai ba ɗaya bayan ɗaya ba tare da na fake da gajiya ba. Yayan ya amsa da cewa ba komai, ya ci gaba da amsa tambayoyi har yau. Ita ba ta sake rubuta komai ba. Nakan leƙa shafinta lokaci-lokaci, tambayoyin suna nan goma sha ɗaya.

Na nemi a cire mini alamar na wata shida. Makon farko ya fi kowane wuya, hannuna yana kai wa waya da kansa. Sai da na cire manhajar, na bar wayar a wani ɗaki da daddare. Barci ya dawo a hankali. Na cike takardun nan, na sami aiki a wata na huɗu. Abin da ya fi ba ni mamaki, ya kuma ɗan sosa mini rai, shi ne dandalin bai rushe ba. Layin yakan kai talatin ya kwana, gari ya waye a share shi, babu wanda ya mutu. Masu maki da yawa da na riƙa riga su komai suka dawo suna rufewa da gyarawa da kansu. Ashe zaƙewata ce ta sa suka naɗe hannu.

Na dawo a ƙarshen 2022, na tarar da sabuwar fitina. An saki ChatGPT, manhajar da ke rubuta amsa da kanta, a ranar 30 ga Nuwamba, kafin mako ya zagayo Stack Overflow ya hana ɗora amsoshinsa, saboda suna zuwa da tsari mai kyau kamar na gwani alhali da yawa ba daidai ba ne, kuma rubuta su ya fi tantance su sauƙi nesa ba kusa ba. Mu ma ruwan ya iso mu. Wasu abokan aikina suka so mu dogara da manhajojin da ke cewa suna gane rubutun na'ura. Na ƙi, kuma wannan karon na san dalilina. Irin waɗannan manhajoji suna yawan zargin wanda ya koyi Turanci a makaranta yake rubuta shi a tsanake. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, da kansa ya janye tasa manhajar ta gane rubutun na'ura a Yulin 2023 saboda ƙarancin daidaito. Rigimar ba ƙarama ba ce, har masu kula da Stack Exchange, rukunin dandalin da Stack Overflow ke ciki, suka shiga yajin aiki a ranar 5 ga Yunin 2023 kan yadda za a tafiyar da wannan batu, sai a watan Agusta aka sasanta. Abin da muka tsayar a namu wurin shi ne a dubi abin da ake iya nunawa: amsoshi shida dogaye cikin minti goma, umarnin da babu shi a manhajar da ake magana a kai, salon da ya sauya dare ɗaya, da mutumin da aka yi masa tambaya kan amsarsa ya kasa cewa komai. Ko a nan ma, saƙo ake fara aikawa.

Yanzu minti arba'in nake ba aikin, bayan cin abincin dare, da agogo a gabana. Ba na yanke hukuncin dakatarwa bayan ƙarfe goma, in rubuta shi in bar shi ya kwana. Ba na taɓa ƙorafin da ya shafi tattaunawar da nake ciki. Duk saƙon hukunci sai ya ƙunshi abin da mutum ya yi da mahaɗinsa, ƙa'idar da ya taka, tsawon hukuncin, da hanyar da zai bi ya ƙalubalance ni wurin wani ba ni ba. In na ga lamba ɗaya a akawun biyu, tambayar farko da nake aikawa ita ce ko akwai wanda suke amfani da intanet ɗaya da shi.

Jiya da daddare agogon ya buga saura ƙorafi tara a layi, ɗaya ma na zargin maguɗi ne. Na rubuta wa dattijon nan cewa ya duba mini in ya tashi, na rufe kwamfutar. 'Yata tana jira da wata tsohuwar tocila da ta kwance, ta jera sassanta a kan tebur, ta rasa inda wani ɗan ƙaramin murɗaɗɗen ƙarfe yake shiga.